Kwana tara daga Kwatano zuwa Dayi

Mai karatu, wata wasiƙa ce ta jawo wannan rubutu. Wata baiwar Allah ce daga Gusau ta rubuto wa edita tana ƙorafi, wai duk fim ɗin da na ɗauko zan yi wa sharhi, da zarar an zo fitowar da jarumi ya dawo daga tafiya sai in tsaya in yi ta ɓaɓatu kamar wanda aka taka wa gyambo. Har ta tambaya, ko dai ban taɓa yin tafiya an yi murnar dawowata ba ne? Edita ya miƙo mini wasiƙar yana dariya. Ni kam ban yi dariyar ba, domin kuwa ta taɓa daidai inda ke yi mini ciwo. Saboda haka a wannan wata sai ka yi mini haƙuri, babu sharhin fim. Labarin kaina zan ba ka.

Ka dai san fitowar da ake magana. Maigadi ya wangale get da gudu, jif ta shigo, ƙanne sun fito suna "Oyoyo Yaya!", Hajiya ta taso daga kan kujera ta buɗe hannu, kiɗa ya tashi. Tun daga ranar da Shah Rukh Khan ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu a fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, uwar tasa Jaya Bachchan tana riƙe da tire ta ji a jikinta ɗanta ya iso tun bai shigo ba, daraktocinmu ba su huta ba, mu ma ba su bari mun huta ba. Ni a Dayi na tashi, kuma ban taɓa ganin uwa ta rungume ɗanta saurayi ba. Ɗan fari ma ko sunansa ba ta faɗa. Za ka durƙusa daga bakin ƙofa, ta ɗan kau da kai ta ce, "An zo lafiya? Ya hanya?" sai ta tura yaro ya kawo maka ruwa, shi ke nan. Amma gaskiya ba wannan ne kaɗai ke sa ni ɗaci da fitowar ba.

A ƙarshen 2018, bayan na karɓi difuloma ta na zaga ofis-ofis har takalmina ya cinye, wani ƙanen babanmu ya kira ni Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Dillancin motocin tokumbo yake yi a filayen da ke kan hanyar Seme, yana neman yaron da ya iya kwamfuta ya riƙa yi masa takardu da lissafi. Aikin ya yi daɗi na 'yan watanni. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ciniki ya faɗi warwas. Muna cikin lallaɓawa sai ga korona. Ranar 30 ga Maris, 2020 gwamnatin Benin ta killace Kwatano da Fotonobo da garuruwan da ke kewaye, ba shiga ba fita, a daidai ranar da aka kulle Legas da Abuja. Kawu yana Kano aka rufe hanya da shi, ya bar mu mu uku a ɗaki ɗaya a Zango. Muka cinye abin da ke aljihu, muka sayar da talabijin, muka shiga azumi ranar 24 ga Afrilu muna buɗa-baki da gari da sukari.

Daga gida kuma labarin da ke zuwa ba mai daɗi ba ne. Rediyo ba ta da zance sai mace-macen Kano, masu haƙa kabari sun gaji, ga shi tsakanin Dayi da Kano hanya ce miƙaƙƙiya ta Gwarzo, motoci na kai da kawowa kullum. Ƙanena ya bugo ya ce Baba yana fama da ƙafa, ga damina ta ƙarato, ba wanda zai tsaya a kan sharar gona. Ya ce kuma Iya, wato kakarmu, kullum sai ta tambaya yaushe mijinta zai dawo daga Kurmi. Ni ne mijin. Ka san wasan kaka da jika.

Ranar 11 ga Mayu aka ɗage killacewar Kwatano. Washegari Talata na sayar da wayata babba, na sayi 'yar ƙarama ta hannu, na kama hanyar Fotonobo. Boda a rufe take ruf, amma akwai ruwa. Wani dogon tafki ne ya taso daga Fotonobo ya bi ta bayan gaɓar teku har Badagiri, daga nan ya wuce Legas, kuma mutanen Egun da ke zaune a bakinsa sun san shi kamar yadda na san lungunan Dayi. Ba zan ɓoye maka ba, hanyar 'yan fasa-ƙwauri ce. Shinkafa ke bi ta nan ta shiga Nijeriya, fetur ya bi ya fito. A wannan dare mu ne kayan.

Mai karatu, ka tuna ni ɗan tudu ne. Ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gari, wanda ko a tsakiyar Agusta bai wuce mini ƙirji ba, jirgin ruwa kuwa sai wanda na gani a kaset ɗin Titanic, kuma ka san yadda wancan ya ƙare. Sai ga ni cikin kwale-kwale mai inji, mu goma sha wani abu, a zaune kan buhuna, ruwa bai fi tafin hannu ɗaya ya shigo ciki ba. Babu fitila, an hana kunna waya, an hana tari. Matuƙin wani siririn mutum ne da bai ce uffan ba tun da muka tashi. In ya hango haske daga nesa sai ya kashe inji, ya sa gora ya tura mu cikin ciyayi, mu yi lamo sauro na cin mu, wani lokaci rabin awa, wani lokaci fiye. A irin wannan shirun ne na ji wani dattijo Bazabarme a bayana yana ta karanta addu'a ƙasa-ƙasa, sai na kama bin sa a zuci. Wani yaro kuma aikinsa kawai kwashe ruwa da yankakkiyar jarka, ya kwasa ya zubar, ya kwasa ya zubar, har asuba. Na sha kallon finafinan teku ina yaba wa mai ɗaukar hoto. A daren nan na gane cewa duk ƙarya suke yi mana da hasken wata. Duhun ruwa ba a ganin komai a cikinsa, ƙara kawai ake ji, kuma kowace ƙara sai ka ɗauka taka ce ta zo.

Da assalatu aka sauke mu a wani lungu kafin Badagiri, muka taka cikin taɓo har gwiwa. Na shiga ƙasata kamar ɓarawo.

Daga nan zuwa Alaba Rago ba abin faɗa, illa takunkumin da na saya na ɗaura a hanci saboda doka. A Alaba Rago na kwana huɗu a rumfar wani mutumin Malumfashi mai sayar da raguna, ina jiran mota. A lokacin an hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ga dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Motocin abinci da na dabbobi kaɗai aka bari, don haka duk tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, ita ce motar haya. Ranar Lahadi muka hau, mu wajen arba'in: 'yan acaba da aka hana aiki, 'yan garuwa, masu wankin takalmi, masu yankan farce, masu gadi da iyayen gidansu suka sallama. An share kashin shanun amma warinsa na nan. In an kusa shinge sai yaron mota ya buga ƙarfe, mu kwanta a jikin juna, a ja tampol a rufe mu, mu ji direba ya sauka, mu ji ana 'yar magana, mu ji ya dawo ya ja. Ban ƙirga shingayen ba. Na dai san kafin mu haye gadar Jabba sau biyu ana bi da hula muna ƙara kuɗi.

Akwai wani mutum da ya kwanta kusa da ni, ɗan wajen Zamfara, mai shekaru kamar hamsin. Tun daga Ogbomosho ya fara tari, busasshe, irin wanda ba ya fitar da komai. Da farko ana yi masa sannu. Da muka wuce Makwa sai aka daina, kowa ya riƙa ja da baya, alhali babu bayan da za a ja. A ƙarƙashin tampol numfashinsa a kan wuyana yake sauka. Da ya ga yadda ake kallonsa sai ya ce, "Wallahi ƙura ce, 'yan'uwa, ƙura ce." Na ba shi ruwa a gorata, ya sha, ya maido mini, ni ma na sha, don ita ke nan gare ni. A Tegina muka kwana saboda direba ya ce ba mai shiga dajin Birnin Gwari da dare. A Zariya mutumin ya sauka, ban ko tambayi sunansa ba.

Na sauka a Funtuwa ranar Laraba da dare, na kwana a tasha. Da safe wani ɗan acaba ya ɗauke ni, muka bi ta Bakori, muka ratsa Malumfashi, inda ya ga alamar shinge sai ya saki kwalta ya bi ta gonaki. An yi sharar gona, an kai taki an tara tsibi-tsibi, sama ta yi nauyi. Da na hango mararrabar Dayi, inda hanyar Gwarzo ta rabu da ta Yashe, sai na ji hawaye na zuba cikin takunkumi. Ranar Alhamis ce, 21 ga Mayu, azumi na 28. Kwana tara ke nan rabona da Kwatano.

To ga fitowar dawowata, in akwai daraktan da ke so. Baba yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa, ƙafa a miƙe. Na taho zan durƙusa in kama hannunsa, sai ya ɗaga sanda ya tare ni. "Tsaya nan. Sannu da hanya. Ka ga shagon zaure can, an share maka. Kwana goma sha huɗu, haka suka ce." Bai ƙara ko kalma ba, amma na ga leɓensa na rawa. Inna ta leƙo daga bayan zana ta ce an zo lafiya, ta koma. Aka ware mini kwano da buta da tabarma. Ƙanena zai ajiye abinci a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. A gari kuwa an kasu biyu: masu cewa ɗan gidan wane ya kwaso korona daga Ikko, har suna hana 'ya'yansu bi ta ƙofar gidanmu, da masu cewa Baba ya cika bin zancen rediyo, cutar masu kuɗi ce, ina ruwanta da talaka. Baba bai kula kowa ba.

Mutum ɗaya ce dokarsa ba ta hau kanta ba, ita ce wadda ta haife shi. A dare na biyu, bayan an sha ruwa an yi asham, na ji ana tura ƙyaure ba sallama. Iya ce, da ƙwarya a hannu da 'yar fitilarta. Na zabura na manne da bango na ce, "Iya, don Allah ki tsaya daga nan, an ce kada a matso ni."

"Kai tafi can," in ji ta. "Miji ya dawo daga Kurmi ba tsaraba, kuma a ce kada in gan shi? Wa ya kafa wannan doka, ubanka? Ni na yi masa wanka." Ta nuna fuskarta, inda zanzanar agana ta bar mata tabo tun tana yarinya. "Ka ga wannan? Agana ta zo ta same ni ta tafi. Sanƙarau ya zo ya kwashi na kwasa. Ta Turawa ce za ta hana ni ganin jikana?"

Ta zauna a kan tabarmata, ta dama furar a gabana, ta ɗanɗana da ludayi ta ji sukari, ta miƙo mini. Na sha. Ta karɓa ta shanye ragowar da ludayin nan dai, tana yi mini tsiya wai na rame kamar kazar mayu, wace mace za ta so ni in ba ita ba. Da za ta tashi ta dafa kaina ta yi addu'a ta tofa. Ba ta yi minti ashirin ba. Mai karatu, in na ce maka ban ji daɗin zuwanta ba na yi ƙarya. A kwana goma sha ɗaya ita ce mutum ta farko da ta taɓa ni da niyya.

Ranar Lahadi 24 ga Mayu aka yi Sallah, na ji ta daga cikin shago. Washegari Inna ta aiko da tuwo da miyar kuka, an sa daddawa an zuba man shanu. Na buɗe kwano na kai hanci, ban ji komai ba. Na ɗauko 'yar kwalbar turarena na buɗe na shaƙa har sai da idona ya yi ruwa. Babu. Da dare zazzaɓi ya ɗan rufe ni, na sha Panadol, ya sake dawowa dare ɗaya, ya tafi. Na san abin da wannan ke nufi, domin na karanta a waya tun ina Kwatano cewa ɗaukewar jin ƙanshi na cikin alamomin cutar.

Ban gaya wa kowa ba. Wannan ita ce maganar da na shekara biyar ina taunawa. Na ji tsoron a turo mota daga Katsina da mutane masu fararen kaya su ɗauke ni a gaban jama'a. Na ji tsoron a sa wa gidanmu suna, ga bikin ƙanwata an sa bayan babbar Sallah, kuma na san dangin mijin. Na ce wa kaina ai ina killace, ai Iya sau ɗaya ta shigo, ai ƙila mura ce ta tampol. Bayan mako ɗaya ƙanshi ya dawo, na fara jin sa ne ranar da aka yi ruwa ƙasa ta jiƙe, na yi hamdala na ce an wuce wurin.

Ranar 2 ga Yuni Iya ta kwanta da zazzaɓi. Aka kira mai kemis ya yi mata allurar maleriya, don lokacinta ne, sauro ya fito. Sai tari ya biyo baya. Ran da na cika kwana goma sha huɗu na fito daga shago, ɗakinta na fara shiga, na same ta tana jan numfashi da ƙyar, amma da ta gan ni sai da ta ce, "Angon ƙarya, sai yanzu?" Ta rasu ranar Laraba 10 ga Yuni, da hantsi. Ta haura tamanin. Ba a yi mata gwaji ba, ba wanda ma ya kawo zancen. Kowa ya ce tsufa ne, Allah ya jiƙanta, ta yi kyakkyawan ƙarshe. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kwana biyu kafin nan ministan lafiya Osagie Ehanire ya faɗa wa duniya cewa binciken da aka yi a Kano ya gano mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, yawancinsu tsofaffi. A rediyon Baba na ji, ina zaune a ƙofar ɗakin Iya.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, ina latsa waya da dare, sai na ci karo da labarin wani mutumin Ajantina mai suna Juan Manuel Ballestero. Shi ma korona ta rufe da shi a nesa da gida, a wani ƙaramin tsibirin Fotugal da ake kira Porto Santo. An soke jiragen sama, ga mahaifinsa ya kusa cika shekara 90. Sai ya loda gwangwanayen kifi da shinkafa a ɗan jirgin ruwansa na shaƙatawa, irin wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle iska na tura shi, tsawonsa bai kai mita 9 ba, ya shiga Tekun Atlantika shi kaɗai ranar 24 ga Maris. Da ya zo tsibiran Kef Bad don ya ƙara guzuri aka hana shi tsayawa. Ya yi kwana 85 a ruwa, ya isa garinsu Mar del Plata ranar 17 ga Yuni, ranar da mu muke sadakar bakwai ɗin Iya. Aka yi masa gwaji, ya jira a cikin jirgin har sakamako ya fito babu cuta, sannan ya taka ƙasa ya je ga mahaifinsa. Jaridun duniya suka yi ta buga hotonsa.

Da farko haushi na ji. Na ce wato shi da ya bi ruwa ya koma gida jarumi ne, mu da muka bi ruwa da tirela mu ne masu yaɗa cuta, mu ne ake tarewa a kan iyakar jihohi ana ɗaukar mu hoto kamar shanun sata, kamar yadda aka riƙa lodin almajirai a lokacin ana mayar da su jihohinsu. Har yau ina ganin akwai gaskiya a haushin nan. Waɗanda suka ce kowa ya zauna inda yake ba su tambayi ɗan garuwa abin da zai ci a inda yake ɗin ba. Amma da na daɗe ina juya labarin sai na ga abin da nake yi wa mutumin nan hassada a kai. Ko kusa ba jirgin ba ne. Kwana 85 ya yi ba wanda ya yi numfashi a wuyansa, ba wanda ya sha ruwa a gorarsa. Kaɗaicin da ake tausaya masa a kai shi ne ya wanke shi, ya isa gida da takarda a hannu, ya rungumi tsohonsa da zuciya ɗaya. Ni kwana tara kacal na yi, cikin 'yan'uwana Hausawa, muna raba gari da ruwa, kuma abin da na iso da shi ban isa in ajiye shi a bakin zaure ba.

Turawa suna da fim irin nasa tun kafin ya yi tafiyar, All Is Lost na 2013, inda Robert Redford ya fito shi kaɗai tilo a jirgi daga farko har ƙarshe, kusan ba magana. Na yaba fim ɗin, har yanzu ina yaba shi. Amma namu fim ɗin fa? A shekarar nan ta 2020 industiri ta koma finafinai masu dogon zango, Izzar So ta Lawan Ahmad na tashe a YouTube, Labarina ta Aminu Saira ta fara a Arewa24, kowa na kulle a gida yana kallo. Dubban 'yan Arewa sun dawo gida a ƙarƙashin tampol a watannin nan, kowanne da labarinsa, ni dai ban ga furodusan da ya ce a je a ɗauko tirela ɗaya da mutum arba'in a kafa kyamara a ciki ba. Ko kuɗin lokeshan babu. Sai dai jif, da get, da oyoyo. To 'yar'uwa ta Gusau, kin ji dalili.

A daminar bara na je gida, muka fita gona da Baba duba masara. Ƙafar ta warke amma yana ɗingishi. Muna zaune a gindin ɗorawa sai kawai na ji bakina ya buɗe, na gaya masa komai, tun daga mai tarin Ogbomosho har kwalbar turare. Na gama ina jiran ya ɗaga sanda kamar ranar farko.

Ya daɗe yana kallon gona. Can ya ce, "Ran nan da ta shiga wurinka na gan ta. Ina zaune a duhu. Na so in hana, na kasa." Ya ɗan yi shiru. "Kuma tun kana Ikko, cikin azumin nan, ni ma na yi kwana biyar ban ji ƙanshin komai ba. Na je ta'aziyya Kano a ɓoye, ban gaya wa kowa ba. Da na dawo kullum a ɗakinta nake shan ruwa."

Na ce, "Baba, amma ai wannan da nisa, kwanakin ba su..."

Ya ɗaga mini hannu. "Na ƙirga. Kai ma na san ka ƙirga. Bari." Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya nuna gefen gabas da sanda. "Kunyar can tsutsa ta fara shiga. Gobe ka je Malumfashi ka sayo magani, ka duba kwanan wata a jikin kwalbar kafin ka biya."